Kwamin wanka na gida yana cinye min kuɗi, me zan rage ba tare da ya lalace ba?

Abban_Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kwamin ninkaya na cikin gida, ko masu shi ko masu gyaransa.

Gidan mahaifinmu ne a Nasarawa nan Kano, Allah ya jiƙan Baba shi ya gina kwamin tun muna yara, yanzu Hajiya ce a gidan da ƙannena kuma ni ne babba don haka hidimar gidan duk a wuyana take. Tsawonsa mita 8, faɗi mita 4, zurfin ya fara daga ƙugu har ya shanye mutum a can ƙarshe, in aka raba daidai zai kai mita ɗaya da rabi. Injin da ke juya ruwan 1.5 HP ne kuma yaron da ke kula da shi yana kunna shi tun safe sai bayan isha'i yake kashewa, in babu wuta a tayar da janareta saboda shi. Layin wutarmu Band A ne, rukunin da ya fi tsada, to tun da aka ƙara kuɗin wuta a 2024 yunit ɗin da nake saya wa gidan baya kai ko'ina, ga mai tun cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda yake, ga kulorin da asid da ake ce min in sayo kowane wata, ga albashin yaron, ga bohol da ake ta kunnawa ana cika shi saboda kullum ruwan raguwa yake.

Kuma gsky ba kullum ake shiga ba. Jikokin Hajiya ne ke shiga in sun zo hutu ko ranar Asabar, lokacin zafi ƙanena yana shiga da yamma, da sanyi kuwa babu mai ko kallonsa.

Abin da nake tunani shi ne ko dai a riƙa kunna injin ranar Juma'a da Asabar kawai sauran ranaku a bar shi, ko in sallami yaron maigadi ya riƙa kwashe ganye, ko kuma a kwashe ruwan gaba ɗaya a bar kwamin fayau har Allah ya kawo sauƙi. Hajiya ba ta so a cike shi da ƙasa, ta ce abin da Baba ya bari ne, ni ma bana so. Wanne ne zai fi rage min kashe kuɗi kuma ba zai jawo min wani babban gyara nan gaba ba? Na gode.

Baffa_Kurna:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni dai shawarata ka kwashe ruwan kawai ka huta, abin da ba a shiga sai sati sati ai bai kamata ya riƙa cin kuɗin da za a yi cefane da shi ba. Ko kuma ka zuba tarwaɗa a ciki, mutane da yawa da kankare suke gina wajen kiwon kifi, kai ga shi ka samu ginanne, maimakon ya ci maka kuɗi ya riƙa kawo maka. Yara in suna son wanka a kai su otal ranar Asabar a biya musu.

MaiGyaranFamfo_Abj:

Slm Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi ya sa ya huta. Wannan ita ce sana'ata a nan Abuja, kuma tambayarka ita ce tambayar da kusan duk maigida yake min tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki NERC ta ɗaga yunit na Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225, daga baya aka ɗan sauko da shi ya koma 209.5 a Yulin 2024. To bari in fara da abin da ba zan so ka yi ba.

Kar ka kwashe ruwan. Da dukkan girmamawa ga Baffa, wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Kwamin kankare an gina shi ne ruwan ciki yana tura bango waje, ƙasa tana turo shi ciki, su biyun suna riƙe da juna. In ka kwashe ruwan, nauyin tan 48 ka cire daga ciki, don lita 48,000 ne a naka in ka lissafa 8 sau 4 sau 1.5. Damina ta zo ƙasa ta sha ruwa ta kumbura, sai ta riƙa matsa bangon daga waje da kuma ƙasansa, nan ne ake samun tsagewa, a wuraren da ruwan ƙasa ke kusa har ɗagowa kwamin yake yi ya karya fayif ɗin da ke binne. Ga rana irin ta Kano tana dukan tayil kai tsaye da rana, dare ya yi sanyi, simintin da ke tsakaninsu ya bushe ya farfashe, ka ƙwanƙwasa tayil ka ji yana ƙara kamar babu komai a bayansa, to ya saki ke nan. Kwami tsoho irin wanda aka gina tun kuna yara shi ya fi saurin yin haka. Kuɗin sake tayil da toshe tsaga ya fi abin da za ka tara a shekara nesa ba kusa ba.

Kunna inji kwana biyu a sati shi ma ba zai yi ba, musamman daga Maris zuwa ƙarshen damina. Ruwa mai ɗumi in ya tsaya cik kulorin ya ƙare, kwana biyu uku zai fara dishi dishi, bango ya fara santsi, kafin Juma'ar ta zagayo ya zama kore shar da gansakuka. Kuma dawo da koren ruwa ya zama garai yana cin kulorin ninkin ba ninkin abin da za ka zuba kullum, sannan dole injin ya kwana yana aiki dare da rana har ya washe. Ka ga ba ka rage komai ba.

Inda kuɗinka ke zurarewa shi ne awannin injin nan. Je ka duba ƙaramin ƙarfen da ke manne a jikin motar, 1.5 HP za ka ga an rubuta 1.1 kW ko kusa da haka, a aikace ma yana ɗan jan fiye da hakan. Mu ɗauka awa 12 yake yi a rana, yunit 13 ke nan da ɗoriya, a kan 209.5 ya haura naira 2,700 kullum, a wata ya haura dubu 80 ban da haraji ban da man janareta. Alhali inji mai wannan girman in filta, wato tulun yashin da ke tace ruwan, a wanke take yana iya tura lita dubu 15 ko fiye a awa, wato cikin awa 3 zuwa 4 ya zagaya da ruwa daidai cikin kwaminka. Awa 6 ya ishe ka a lokacin zafi, ka raba shi biyu, 3 da hantsi 3 bayan magariba lokacin da aka zuba magani don ya gauraya. Rabin kuɗin ya tafi nan take ba ka sayi komai ba. Ka gwada na sati, in ruwan yana nan garai kana ganin murfin magudanar ƙasa daga sama ka sake rage awa ɗaya, ranar da ka ga ya fara dusashewa ka mayar da ita. Da hunturu da ruwan ya yi sanyi gansakuka ba ta saurin fitowa, awa 3 ko 4 ma ya yi, sai dai ƙura ce matsalar lokacin. Akwai taima da ake ɗaurawa a layin injin ta kunna ta kashe da kanta, ba ta da tsada, tana hana a manta da shi a kunne. Kuma a daina tayar da janareta saboda kwami, in wuta ta ɗauke a jira ta dawo, awa biyar shida ba abin da zai samu ruwan muddin akwai kulorin a ciki.

Na biyu maganin. Yawancin gidajen da nake zuwa da ido ake zuba kulorin, a debo kofi a watsa, shi ya sa yake ƙarewa da wuri. Ka sayi ɗan akwatin gwajin nan mai kwalabe biyu, ɗaya ruwan ya koma rawaya ya nuna maka kulorin, ɗaya ya koma ja ja ya nuna pH, wato ma'aunin tsamin ruwan. Kulorin ka riƙe shi tsakanin maki 1 da 3, pH tsakanin 7.2 da 7.8. Wannan pH ɗin ne mutane ke rainawa kuma shi ne ke cin kuɗi, don in ya kai 8 kusan kwata ne kawai na kulorin ɗin ke aiki, a 7.5 kuwa kusan rabi, ka ga asid kaɗan yana ceto maka kulorin mai yawa. Lissafin naka mai sauƙi ne, garin kulorin mai kashi 65 cikin ɗari giram 75 ne zai ɗaga maka lita 48,000 da maki ɗaya. In rana na cin maki biyu kullum giram 150 ke nan, kilo huɗu da rabi a wata. Ka kwatanta da abin da ake ce maka ka sayo. Ka samu ƙaramin sikeli na kicin a auna sau ɗaya a yi wa kofi alama shi ke nan.

Kuma kar a zuba da rana tsaka. Rana tana ƙone kulorin cikin 'yan awanni in babu sitabilaiza, wato maganin da ke kare kulorin daga rana, a ruwan, bayan magariba ake zubawa ya kwana yana aiki. Sitabilaiza kuma maki 30 zuwa 50 ake so. Ƙwayoyin kulorin nan farare masu faɗi da ake sakawa a robar da ke yawo a saman ruwa suna ɗauke da shi a jikinsu, suna da kyau amma in su kaɗai ake amfani da su wata da watanni yana taruwa ya yi yawa har kulorin ya daina ci, kuma ba ya fita sai an rage ruwa an ƙara sabo.

Maman_Ilham:

Yaya Abban Sadiq ni ba gyara na sani ba, aikin jinya nake, amma da na ga ka ce jikoki na zuwa gidan sai na kasa wucewa. Don Allah duk abin da za ka rage kar ka bari ruwan nan ya yi kore alhali yara na shiga gidan. Ruwa garai in yaro ya faɗa ko daga barandar Hajiya za a hango shi a ƙasa, kore kuwa ana iya zagaye gida ana kiran sunansa ana duba ɗakuna da bayan mota yana nan cikin ruwan ba wanda ya gani, kuma yaro in yana nutsewa ba ihu yake ba, shiru yake tafiya, mintuna kaɗan ne tsakanin a ceto shi da a rasa shi. Kwamin da aka kwashe ma rami ne mai zurfin da ya fi tsayin babba ga ƙasa tayil, yaro mai keke ya zo da gudu fa?

Sai sauro. Ko ka kwashe ruwan, ruwan sama na farko zai taru a ɓangaren mai zurfi ya kwanta, kuma sauron maleriya irin wannan yake so, ruwa a kwance rana na dukansa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi sati ɗaya ne zuwa kwana goma a yanayin zafinmu. Ga Hajiya ta manyanta, ga maƙwabta da ba su ji ba su gani ba su ma zai shiga musu gida, kuɗin da ka tara a kemis zai ƙare. Kwaɗi ma za su cika wajen, inda kwaɗi suke kuma maciji na biyo su.

In da hali cikin kuɗin da ka rage na wuta ka sa a zagaye wajen da waya ko ƙarfe mai ƙofa da kwaɗo, makullin yana wajen Hajiya. Allah ya tsare mana zuri'a.

Sani_Houston:

Salam Malam. Ni a Amurka nake, jihar Tekzas, a nan kwami a bayan gida ba abin mamaki bane kuma kukan kuɗin wutarsa kowa na yi. Duk abin da mai gyara ya faɗa haka yake, zan ƙara abu biyu.

Murfi. Tunda ka ce ba a shiga sai ƙarshen sati to sauran kwanakin me ya sa yake buɗe? Kwaminka faɗin samansa murabba'in mita 32 ne, duk santimita ɗaya da ruwan ya sauka lita 320 ce ta tashi sama, kuma a Kano da iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu ba a jima ba ake rasa santimita. Murfi yana tare wannan, yana tare rana daga cin kulorin, yana tare ƙura da ganyen darbejiya da na mangwaro, kuma duk ganyen da ya faɗa ya ruɓe kulorin yake sha. Ba sai irin na kamfani ba, tamfol mai kauri da masu ɗinkin rumfa za su ɗinka maka da zobba a gefe a ɗaure shi tamau ya yi. Amma ka ji maganar Maman Ilham, murfin da ke kwance a kan ruwa kawai ba kariya bane, yaro zai ɗauka ƙasa ce ya taka ya naɗe shi, sai da shinge. Kuma da bazara a riƙa buɗewa lokaci lokaci ruwan ya sha iska don yana ɗaukar zafi sosai a ƙarƙashi.

Sai inji mai sauya gudu. A nan tun 2021 doka ta sa yawancin sabbin injinan kwami da ake sayarwa irin wannan ne. Dalili shi ne in ka rage gudun motar zuwa rabi ruwan da take turawa rabi ne, amma wutar da take ja tana sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas, to ko ka ninka awannin har yanzu kana kan kwata na abin da kake biya da. Yana da tsada a saye, ban ce ka cire naka mai lafiya ba, amma ranar da ya ƙone ka tuna da wannan. Kuma irinsa ne sola ke iya ɗauka cikin sauƙi, in akwai fanel a gidan sai a sa awannin injin su faɗo tsakanin ƙarfe 10 da 3.

Maganar sauro kuwa ba a gida kaɗai ba. A 2007 lokacin da mutane suka riƙa rasa gidajensu saboda bashin banki a Kalifoniya, an bar kwamaye birjik babu mai kula suka koma kore, garin Bakersfield ya samu ɓarkewar zazzaɓin West Nile da sauro ke yaɗawa a shekarar kuma masu bincike sun danganta shi da waɗannan kwamayen. Har daga jirgi ake ɗaukar hoto ana neman koren kwami a bayan gidaje, ma'aikata su je su zuba ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro.

Abban_Sadiq:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar kwashe ruwa na ajiye ta, Maman Ilham maganar shinge ma zan kira mai walda ya auna in sha Allah, dama Hajiya ta sha faɗa.

Malam mai gyara sauran tambaya. Wani ya ce min bilic ɗin wanki irin Hypo ko Jik ma kulorin ne kuma zai fi araha, gaskiya ne? Sannan duk lokacin da aka ƙara ruwan bohol aka zuba magani sai ruwan ya koma ruwan ƙasa ƙasa kamar shayi, yaron sai ya ce kulorin ne bai isa ba a ƙaro, a ƙara kuma abin ya ƙi washewa sai bayan kwanaki. Kuma ruwan yana raguwa da sauri har ina zargin ko yoyo yake, ta yaya zan gane ba tare da na kira masu tona ƙasa ba? Batun yaron kuma har yanzu ban yanke ba.

Baffa_Kurna:

To na ji bayanin bango da damina, na janye batun kwashewa. Amma kan yaron zan ce wani abu, in ya daɗe da ku kuma mai amana ne kar ka sallame shi haka kawai a wannan yanayin, shi ma da iyali ko iyaye a bayansa. Ku zauna ka faɗa masa gsky halin da ake ciki, ya koma zuwa sau ɗaya ko biyu a sati a kan kuɗin da kuka daidaita, ka taimaka masa da magana wajen maƙwabta masu kwami ya samu wasu gidajen ya cike giɓin. Maigadi zai iya kwashe ganye da raga amma bai san filta ba.

MaiGyaranFamfo_Abj:

Alhaji bilic kulorin ne tabbas, yana aiki, amma mai rauni ne. Na wanki yawanci kashi 3 zuwa 5 ne cikin ɗari, duba jikin robar za ka gani. Mai kashi 3.5 sai ka zuba kusan lita ɗaya da rabi kafin ya yi maka aikin giram 75 na gari, wato kusan lita 3 kullum, lita 90 a wata, yi lissafi da farashin kanti ka gani da kanka. Na ranar da garin kulorin ya yanke ne kawai, kuma wanda babu turare babu sabulu a ciki. In araha kake so ka sayi garin da yawa lokaci ɗaya ko ku haɗa da maƙwabci ku raba babban durom, sai dai a ajiye shi a inuwa a rufe ruf don zafi da laima suna rage masa ƙarfi. Kuma don Allah kar a ajiye shi a ɗakin janareta kusa da fetur ko gas ko baƙin mai, yana iya tayar da gobara. Kar a haɗa garin da ƙwayoyin nan a bokiti ɗaya ko kofi ɗaya, kar a haɗa shi da asid, hayaƙin da ke tashi yana iya kwantar da mutum a asibiti. Kowanne da nasa kofin, kuma magani ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin magani ba.

Ruwan da ke komawa kamar shayi wannan ƙarfe ne a ruwan bohol ɗinku. Yana fitowa garai ba ka ganinsa, da kulorin ya taɓa shi sai ya zama tsatsa. Ƙara kulorin ba ya cire shi, asarar magani ce kawai. Abin da nake yi alif nake jiƙawa a bokiti, irin wanda ake sa wa ruwan rijiya ya kwanta, in watsa a saman kwamin da yamma, in juya hannun filta zuwa inda ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta yashi ba na awa ɗaya ko biyu, sannan in kashe inji ya kwana. Da safe za ka ga ruwan sama ya washe, ƙasa kuma wani lallausan laka ja ya kwanta kamar shimfiɗa. Sai a zuƙe shi a hankali hannun filta yana kan zubarwa waje, in aka yi garaje tashi yake ya sake gauraya, in aka bi da shi ta filta kuma yashin ya toshe. Bayan nan a gwada pH don alif yana saukar da shi. Nan gaba in za a ƙara ruwa a fara tara shi a tanki ya kwana ya sha iska a ɗebi na sama, kuma kaɗan kaɗan ba a bari ya sauka sosai sannan a cika lokaci ɗaya ba.

Yoyo kuma bokiti kawai kake buƙata. Cika shi da ruwan kwamin ka ɗora a kan matakala ta biyu ka sa dutse a ciki kar ya kife, ruwan cikin bokitin ya zo daidai da na waje. Yi alama da salatif a ciki da waje, inji a kashe, kar kowa ya shiga, ka dawo gobe war haka. In sun sauka daidai rana ce da iska, murfi ne maganinka. In na waje ya fi sauka yoyo ne. Sai ka maimaita washegari inji a kunne, in ya fi raguwa da inji to a fayif ɗin da ke mayar da ruwa ne, in duk ɗaya ne to jikin kwamin ne, ka fara duba bakin akwatin da ke shan ganye da gefen fitilun cikin ruwa don nan suka fi tsagewa. Ka leƙa fayif ɗin zubarwa ma lokacin da inji ke aiki, in yana ɗiga to robar cikin hannun filta ce ta mutu, ƙaramin abu ne amma dare da rana yake zubar maka da ruwa.

Wani wajen da ruwa ke tafiya shi ne wankin filta. Da yawa kullum suke yi don sun saba, kowane wanki ɗaruruwan lita ne da maganinsu suke bin kwata. Akwai agogo mai nuna matsin ruwa a saman tulun filtar, ranar da aka wanke ka rubuta inda allurar ta tsaya da alƙalamin maka a jikin tulun, kar a sake wankewa sai ta hau da 8 zuwa 10 psi, wato ma'aunin matsin da ke jikin agogon, a kan wannan. Da hunturu zai zo da wuri saboda ƙura. In agogon ya mutu a canza shi, yawancin gidaje a mace nake samunsa.

Kan yaron ina tare da Baffa. Aikin kullum minti goma ne, raga, kwandon ganye, gwaji, kofin magani, ƙanenka zai iya tunda shi ke shiga. Amma goge bango da buroshi da zuƙe ƙasa da duba inji yana son wanda ya saba, sau ɗaya a sati da sanyi, sau biyu da damina don ruwan sama yana wanko datti ya rage ƙarfin magani. Ka sa littafi a ɗakin inji duk wanda ya gwada ya rubuta kwanan wata da lambobin biyu da abin da ya zuba. In kun yi gwajin bokitin ka rubuto min santimita nawa kowanne ya sauka, da abin da ke rubuce a jikin motar, zan faɗa maka awannin da za ka saita a taimar.